Alamar Dawowa

Masunci ne ya tsinci gawar Malamin Tsuntsaye a gindin gangaren dutse, inda kogi ke yin kwana ya yi shiru. Da hantsi ya shigo masaukina a jiƙe har ƙugu, ya tsaya a ƙofar kicin ya kasa magana, sai nuna kwari yake yi da hannu. Na ɗauka wani kada ya gani a ruwa. Sai da na ba shi ruwa ya sha sannan ya ce, "Baƙonki ne, Uwar Masauki. Mai madubin nan."

Masaukina shi ne gini na ƙarshe kafin daji. Daga bayansa hanyoyin tattaki suke farawa, su gangara kwari, su bi kogi, su hau tudu cikin manyan itatuwa. Mutanen birni kan zo da jaka a baya da sanda a hannu, su yini suna tafiya ba don sun rasa mota ba, su dawo da yamma ƙafafu a kumbure suna cewa wai sun huta. Ni dai nawa shayi da shimfiɗa. Mijina kuwa shi ke shafa wa itatuwa jan fenti don kada baƙi su ɓata, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Jan Hannu yake ce masa.

Malamin Tsuntsaye tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Duk ƙarshen damina yake zuwa da madubin hangen nesa rataye a wuya, ya kwana biyu a wurina. Mutum ne mai yawan gyara wa mutane magana, amma ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra.

Kafin maza su gama taruwa, Kafinta ya riga ya harhaɗa gadon ɗaukar gawa da 'yan katakai. Kowa ya yaba da saurinsa. Shi ne ya yi kujerun hutawa na kan hanya da 'yan gadojin rafi, shi ya yi mini teburin cin abinci, kuma ba a zaman shawara a garin sai da shi. Da suka hauro da gawar suka ajiye a barandata, hannun mamacin ya zamo daga ƙarƙashin mayafi. Yatsunsa uku jajaye ne, kuma ba jini ba ne. Fenti ne ɗanye.

Kowa dai ya juya ya dubi mijina.

*

Kafin azahar magana ta gama gari. Waɗanda suka bi hanya suka dawo da labarin cewa a mararrabar da ke saman kwari an shafe alamun hanyar gaskiya da taɓo, an buɗe tsohuwar hanyar tudu da sabon fenti. Wannan tsohuwar hanya ruwan bana ya cinye rabinta, ta yanke a bakin gangare, ganye ya rufe bakin har ba ka ganin inda ƙasa ta ƙare. Mijina da kansa ya sa Kafinta ya rufe ta da shingen sanduna. An sami sandunan a jefe cikin ciyawa. An kuma sami gwangwanin fentinsa a bayan rumfarmu, murfin a karkace.

Abin da ya ƙara dagula mana lissafi shi ne rigimar da aka yi da yammacin jiya, a barandata, a gaban masu shan shayi. Malam ya yi wa mijina faɗa wai ya shafa fenti a itacen da tsuntsu ya yi sheƙa. Mijina yana da in'ina, idan ransa ya ɓaci kalma ɗaya sai ta yi masa gardama, amma ranar, don tsautsayi, magana ta fito masa sumul. Ya ce wa Malam ba don fentinsa ba da tuni ya faɗa rami.

Saje, ɗan sandan da ke kula da yankinmu, ya tambaye shi ina yake da asuba. Mijina ya buɗe baki, leɓe na rawa, wuya na kumbura, ko harafi bai fito ba. Na ce yana kwance kusa da ni yana minshari, Saje ya ce shaidar mata a kan mijinta ba ta cika riƙe ruwa ba. Ya kulle shi a ɗakin bayan ofishinsa, ya ce da zarar hanya ta sha iska motar birni za ta zo ta ɗauke shi. Wanda motar nan ta ɗauka kan laifin kisa, ban taɓa ganin ya dawo ba.

Da na fito, matan da nake ba aron tukunya suka kau da kai. Tsofaffi kuwa wata magana suke yi ƙasa-ƙasa, wai dama kwarin nan yana da masu shi, idan sun gaji da takun baƙi sukan juya hanya. Sai kuma aka sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke duk wani sawu da ya rage a dajin.

*

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon maharbi ne. Ya daɗe da rataye bindiga. Yanzu idan saniya ta ɓata ko baƙo ya kwana a daji, shi ake nema, don haka ake ce masa Mai Sawu. Idonsa na hagu ya yi fari, kuma tafiyarsa za ta iya sa mai gaggawa ya yi kuka.

Na same shi yana ɗinkin takalmi. Na zayyana masa komai ina kuka ina zagin gari. Bai ɗaga kai ba sai da na gama.

"'Yar nan, kin tabbata ba shi ba ne?"

"Kawu, mutumin da ke kwashe tururuwa daga hanya kafin ya zuba ruwan wanka?"

Ya ce wannan ba hujja ba ce, ya san mahauci mai kukan mutuwar kyanwa. Amma ya ɗauki sandarsa. Ya ce tunda sama ta share ƙasa, sai mu fara da bakunan mutane.

Masunci muka fara samu, yana gyaran raga a bakin ruwa. Yana ganinmu ya ja wani buhu ya zauna a kai. Kawu ya yi ta yi masa hirar kifi har na ƙosa, sannan ya roƙe shi ya tashi ya miƙo masa ruwa. Maɗaurin madubin Malam ne ya leƙo daga bakin buhun. Na ce shi ke nan, ga ɓarawo ga mai kisa. Masunci ya durƙusa yana rantsuwa cewa a cikin ruwa ya tsince shi, ya ga mai shi ba zai ƙara duban tsuntsu ba, shaiɗan ya zuga shi. Kawu ya karɓi madubin, ya dubi tafin ƙafar mutumin, ya ce mu tafi. A hanya na ce ya sake shi da arha. Ya ce mutumin da ko matakalar rumbu ba ya iya hawa saboda jiri ba zai je bakin gangare cikin hazo ya yi aikin fenti ba.

Na biyu Mai Zuma ne, wanda ke rataye amya a itatuwan tudu. Kowa ya san ya tsani masu tattaki, yana cewa turarensu na haukata masa ƙudan zuma, kuma an gan shi ya fito daga daji a safiyar da abin ya faru. Mun same shi a ɗakinsa ya rufe taga da rana tsaka. Bai musa ba, ya ce ya shiga daji tun gari bai gama wayewa ba, amma bai kai ga amyarsa ba ya juyo da gudu, kuma ko za a ba shi duniya ba zai koma ba.

Kawu ya tambaye shi me ya kore shi.

"Ƙwanƙwasa na ji, Baba," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Hazon kogi ya rufe ko'ina, ko hannuna ba na gani. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. A yi shiru. Can gaba kuma ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kamar wani yana bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana neman a buɗe masa."

Na ce ai akwai tsuntsun da ke saran itace da baki. Ya ce shi da ya tsufa a daji ya san tsuntsun nan, bugunsa a jere yake kamar ganga, kuma ba ya tafiya a ƙasa yana taka busasshen reshe. Kawu kuwa sai murza gemu yake yi.

Daga nan muka biya shagon Kafinta, don Kawu yana son jin yadda aka kafa shingen da aka tumɓuke. Kafinta ya tarbe mu da mutunci, ya share mana benci, ya yi mini jaje. Ya ce shi bai yarda Jan Hannu ya yi da niyya ba, wataƙila tsoratar da Malam ya so yi abin ya zarce. Da ba don Kawu ya taka mini ƙafa ba, da na gaya masa wadda ba zai manta ba. Gadon da aka ɗauko gawar yana jingine a bango. Kawu ya shafa shi yana yaba aiki, sannan ya goge hannunsa a riga. Muna fita na ga inda ya goge ya yi ja-ja, kamar ruwan goro.

*

Washegari da sassafe muka shiga daji, ni da Kawu. Hazo bai tashi ba tukuna. Yana kwance a kwarin fari fat, itatuwa na fitowa daga cikinsa ɗaya-ɗaya idan ka matso, su koma idan ka wuce. Kogi na gefenmu muna jin sa ba ma ganin sa. Na yi shekaru ina sayar wa mutane wannan dajin da baki, ina ce musu akwai sanyi akwai natsuwa, amma ranar ji na yi kamar mun shiga ɗakin da aka daina magana saboda shigowarmu.

A mararraba Kawu ya tsaya. Ƙasa duk ta dame, takun mutanen gari da ruwan sama sun gama da ita. Ya dube ta sau ɗaya ya ce babu abin da ya rage a nan. Sai ya ɗaga kai ya koma kallon itatuwa.

Muka bi tsohuwar hanya. Jan fenti na gabanmu, daga wannan itace zuwa wancan, sabo, mai sheƙi, yana kiran mutum. Na tuna yadda Malam yake taɓa kowace alama da yatsa idan zai wuce, wai gaisawa suke. Kawu na tsayawa a kowane itace, ya shafa ɓawonsa, ya kai idonsa mai gani kusa kamar zai sumbace shi. Har da itatuwan da ba a shafa wa komai ba yake tsayawa. Ban tambaye shi ba, don idan yana aiki tambaya ba ta samun amsa.

Kwatsam ya tare ni da sanda a ƙirji. Gabana ganye ne kore shar, shimfiɗe kamar tabarma. Ya tura sandar cikin ganyen, ta shige ba ta taɓa komai ba. Can ƙasa, nesa, na ji ruwa. Alama ta ƙarshe tana jikin wani maɗaci da ke tsaye a bakin, rabin saiwarsa a iska.

"To, juya," in ji Kawu. "Kai ni gida."

Na juya. Babu ja ko ɗigo. Itatuwa ne kawai baƙaƙe cikin hazo, kowanne kamar ɗan'uwansa, hanyar da muka biyo yanzun nan ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

A nan na tuna abin da na daɗe ina yi wa mijina tsiya a kai. Shi ba ya shafa wa itace fenti a fuska ɗaya. Sai ya zagaya bayansa ya fara shafa ta mai dawowa, sannan ya dawo ya shafa ta mai tafiya. Na sha ce masa ɓarnar fenti yake yi, gwangwanin da zai yi wata sai ya ƙare a rabi. Ba ya tanka mini.

"Kawu, ba shi ba ne," na ce. "Ko a mafarki aka ba shi buroshi, ta dawowa zai fara."

"Na sani. Wanda ya yi wannan bai sa ran kowa zai dawo ba."

Na ce mu ruga mu gaya wa Saje. Ya ce Saje zai ce mai niyyar kisa ai ba zai tsaya shafa ta dawowa ba, ko da Jan Hannu ne. Wannan ya ishe ni ni da shi, amma bai isa ya buɗe ƙofa ba. Sai ya tambaye ni abin da Malam ya ce a barandar bayan rigimar. Na yi tunani. Na ce ya yi ƙorafi cewa bana bai ji kukan aku daga kurmin tudu ba, alhali nan ne gidansu, kuma gobe da sassafe zai hau ya ga dalili. Ya tambayi su wa ke zaune. Na lissafa masa.

Ya ce in koma in gaya wa Saje ya kawo mijina mararraba da la'asar, ya kuma kira Masunci da Mai Zuma da Kafinta da duk mai son gani. Shi zai hau kurmin tudu ta hanyar gaskiya. Ya raka ni har inda alamun mijina suka fara, sannan hazo ya haɗiye shi.

*

Rabin gari ya zo. Saje ya zo da mijina, hannuwansa ɗaure da igiya, idanunsa sun faɗa. Mai Zuma sai da aka jawo shi. Aka tsaya cirko-cirko a mararraba, Kawu bai iso ba. Rana ta karkata, inuwa ta yi tsawo, sanyin kwari ya fara hawowa. Mutane suka gaji da magana suka yi shiru, wasu suka zauna a kan saiwa, wasu suka jingina da itace.

Sai muka ji shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Mai Zuma ya zabura ya riƙe rigar Saje. "Shi ne. Wallahi shi ne na ji."

Kowa ya waiga. Kafinta ne, jingine da wani dogon itace, 'yar gudumarsa da ba ya rabuwa da ita tana hannunsa, idonsa na wani wuri. Bai ma san ya yi ba. Ni kaina na sha jin wannan bugun a ƙofata da teburina da kan gadona ranar da ya kawo shi, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Kawu ya fito daga bayan wani kurmi inda ashe ya daɗe a zaune. Ya gaishe da jama'a, ya ba da haƙurin jinkiri, sannan ya tambayi Kafinta, cikin ladabi, lafiyar itacen nan da ya buga.

Kafinta ya yi dariyar yaƙe. "Lafiyayye ne, Baba. Sabo ne kawai, hannu ya saba."

"Ai na ga alama."

Kawu ya ja Saje zuwa bakin tsohuwar hanya. Akwai wani karkataccen ɓaure a nan, tsaye daidai inda hanya ta rabu, makaho ma zai yi karo da shi. Ya tambayi mijina, da shi ne zai buɗe hanyar nan, wane itace zai fara shafawa. Mijina ya ɗaga ɗaurarrun hannuwansa ya nuna ɓauren. Kawu ya ce haka duk mai aikin hanya zai yi, don shi itacen da ido zai fara gani yake nema, ko gurgu ne ko ruɓaɓɓe. Amma ɓauren babu fenti. An tsallake shi an shafa wa wani miƙaƙƙen maɗaci da ke can ciki.

Ya kama yatsan Saje ya ɗora a jikin ɓauren. Akwai 'yan ramuka uku a ɓawon, zagayayyu kamar hular kwalba, kowanne da ɗan gibi a gefe, farin ruwan itacen ya bushe a kansu. Ya buga ɓauren da sandarsa, ya yi ƙara kamar tulun da babu ruwa.

"An tambaye shi, ya ce cikinsa rami ne, aka wuce shi," in ji Kawu.

Muka bi hanyar gaba ɗayanmu. Duk itacen da ke da fenti miƙaƙƙe ne, mai kauri, irin wanda za a fitar da katako a jikinsa, kuma ƙarƙashin kowane fenti ga ramukan nan uku. Tsakaninsu akwai waɗanda aka buga aka bari, duk masu rami a ciki. Mutumin da ya yi aikin nan yana sauri, cikin hazo, da mugun nufi a ransa, amma hannunsa ya ƙi ya sa alama a kan itacen banza. Tun yana yaro aka koya masa ba a sa wa itace alama sai an ji muryarsa.

Saje ya miƙa hannu. Kafinta ya tsaya kamar ba zai bayar ba, sannan ya ba shi gudumar. Bakinta ya ɓalle a gefe ɗaya. Saje ya ɗora ta a ramin, ta zauna daram.

Kafinta ya ce wannan ba komai ba ne, shi da ya kafa shingen wurin, ya buga itatuwan dajin nan ba adadi. Kawu ya ce gaskiya ne, amma raunin itace yana tsufa kamar na mutum, waɗannan kuwa ko ƙura ba su yi ba. Sannan ya kwance ƙullin da ke bakin rigarsa ya zazzage a tafin Saje. Garin zarto ne, ja, da danshinsa. Ya ce daga kurmin tudu ya ɗebo shi, inda doka ta hana ko karya reshe. Manyan itatuwan da aku ke kwana a kai duk an kwantar da su, an lulluɓe kututturan da ganye, an yi wata 'yar hanya ta bayan tudu inda ake fitar da katako. Abin da Malam zai hau ya gani ke nan, kuma Kafinta na zaune a barandata lokacin da ya ce zai hau. Ya ce ko gadon da aka ɗauko Malam a kai ɗanyen maɗaci ne, har yanzu jansa bai fita daga rigarsa ba.

Kafinta ya dubi mutanen da ya yi wa ƙofofi da gadaje, ba wanda ya haɗa ido da shi. Ya zauna a ƙasa a hankali.

"Na ɗauka zai ga bakin ya juya," ya ce.

"Da ka shafa masa ta dawowa," in ji Kawu.

Saje ya kwance igiyar daga hannun mijina. Da ita ya ɗaure Kafinta, don guda ɗaya ya zo da ita.

*

Motar birni ta zo, ta tafi da wanda ta tafi da shi. 'Ya'yan Malam suka zo suka karɓi jakarsa da madubinsa. Matan unguwa suka dawo aron tukunya kamar ba a yi komai ba, na ba su, amma sai da kowacce ta ji a jikinta. Teburin cin abincin nan kuwa na sa an fitar mini da shi, ban iya ci a kai ba.

Mijina ya yi kwanaki ba ya fita. Ranar da ya ɗauki gwangwani da wuƙar kankare fenti, na ce ƙafata ƙafarsa. Ya wanke taɓon da aka shafe alamun gaskiya da shi, ya sake kafa shinge mai ƙarfi, sannan ya tsallaka shi muka bi tsohuwar hanya har bakin gangare. Hazo ya ɗan ɗaga, ana hango kogi can ƙasa yana sheƙi.

Na ɗauka kankarewa kawai zai yi. Ya kuwa kankare fentin Kafinta daga jikin maɗacin ƙarshe har sai da farin itace ya fito. Amma da ya gama sai ya miƙo mini wuƙar, ya riƙe reshe, ya zagaya ta wajen ramin, ƙafarsa a kan saiwar da ke lilo, ya tsoma buroshi ya shafa ja a fuskar da ke kallon kwari.

Na ce ya dawo kafin ya kashe ni da tsaye. Na ce wa zai fito ta nan, hanyar da ba ta da ƙasa?

Ya dawo ya tsaya kusa da ni yana goge hannu. Maganar ta yi masa gardama, na jira shi, abin da ban cika yi ba.

"M-malam fa?" ya ce. "Cikin hazo ya tafi. Ta ina zai gane hanya?"

Na buɗe baki in ce ya nemi tsari, wanda ya tafi ya tafi. Ban faɗa ba. Na karɓi gwangwanin na riƙe masa.

Haka muka taho, itace bayan itace, yana kankare ta tafiya yana shafa ta dawowa, har da karkataccen ɓauren. Da muka tsallako shinge na waiga. Daga mararraba ba ka ganin komai sai daji. Hanyar tana nan har yau, duk ƙarshen damina yakan je ya sabunta ta, kuma ba ta nuna wa kowa sai wanda ke tahowa gida daga bakin ramin.